Kibiyar da Na Kwafa a Mayahi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa zan kai shekarun Iya Dije, tsohuwar garinmu, da wata safiya da na tara matan garinmu a bakin rijiya don in koya musu ilimi. Zan ba ku labarin yadda ya faru, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba. Wanda ke ciki ya isa, za ku gani.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Kanan-Bakashe. Muna da rijiya biyu, da lakwal, wato makarantar boko, mai aji uku, da ɗan ɗakin likita wanda wani bawan Allah mai suna Isuhu yake riƙe da shi shi kaɗai. Mu dai Majo muke ce masa. Ni ce mai taimaka masa ta wajen mata, in tuna musu ranar awo, in yi shelar rigakafi, in bi gidajen masu jego. An zaɓe ni ne saboda na yi kwalej shekara uku kafin in bari, kuma in faɗa muku gaskiya, shekaru ukun nan na ɗauke su a ka kamar tulu. In ina magana da mata sai na jefa kalmar Faransanci ko babu dalili, don dai a tuna da wa ake magana.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Ruwan sama ya riƙa kwaso dattin gari yana bi ta gefen rijiyar gabas, ruwanta ya yi ja, sai zawo ya shiga yara. Ɗiyata Balki, tana da shekara biyu a lokacin, ta yi kwana uku tana yi har idanunta suka faɗa, in na ɗaga hannunta sai ya sulale. Majo ya ba ni ƴan fakitin nan na gishiri da sukari, ya ce zawo ba ruwa kaɗai yake kwashewa daga jikin yaro ba, har da gishirin jiki, shi ya sa yaro ke yin laushi, kuma abin da ke cikin fakitin an auna shi daidai don ya mayar da abin da ya fita. Na zauna ina ɗura mata da cokali har Allah ya tashe ta. Ɗan maƙwabciyata Sa'a kuwa sai da aka ɗora shi a moto, wato babur, zuwa Mayahi. Na ji tsoro a kwanakin nan irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ɗaukar wa kaina alkawari cewa ruwan garin nan sai ya gyaru.

Matsalar ita ce matanmu ba sa son zabel, ruwan maganin nan mai wari. Majo ya sha nuna musu yadda ake ɗiga shi a ruwan sha ya kashe ƙwayoyin cuta, su kuwa su ce ruwan yana warin ɗakin likita, yana ɓata fura, mazajensu ba sa sha. Wasu ma a ɓoye suna cewa wa ya san abin da aka haɗa shi da shi, kada a je yana hana haihuwa.

Ana cikin haka aka kira horo na kwana uku a Mayahi kan gyaran ruwan sha, Majo ya tura ni. Na zauna a benci na gaba, ni da sabon kaye, wato littafin rubutu, da bik biyu na rubutawa. Ranar farko malamar da ke koyarwa, wata madam daga Maradi, ta buɗe gwangwani ta nuna mana wani farin gari mai wari har cikin ido. Ta ce wannan shi ne kulor, uban zabel. Ba a taɓa shi sai da safar hannu, ba a shaƙa, ba a ɗanɗanawa, kuma a nisanta shi da yara. Na rubuta duka, har na ja layi biyu a ƙarƙashin "ba a ɗanɗanawa".

Rana ta biyu ce ta kashe ni. Da muka fita hutun hantsi sai na ce bari in leƙa kasuwa minti goma, don tun jiya na hango wasu takalma masu ɗan dutse a sama. (Duk macen da ta taɓa shiga kasuwa da niyyar minti goma ta san sauran zancen.) Ko da na dawo, madam tana goge rubutun da ke kan tabulo. Na lallaɓa na zauna, na jawo kayen Mariyama, wadda muka kwana ɗaki ɗaya, na kwafe abin da ta rubuta. Ita kuwa Mariyama ba mai yawan rubutu ba ce. Darasin awa biyu ta dunƙule shi a layi ɗaya: "chlorure de sodium", sai ta zana kibiya, sai "chlore". A ƙasa ta ƙara da cewa cokali biyu a kowace lita.

Na dubi kibiyar nan na fassara ta da "wato". Wannan, wato wancan. Ai sunayen ma kamar wa da ƙane. Madam ta juyo ta tambaya ko an gane, ko akwai mai tambaya. Muryata ce ta fi ta kowa ƙarfi wajen cewa an gane. Da in ɗaga hannu a san na fita, ni mai kwalej, a gaban matan da wasunsu yaƙi da jahilci kaɗai suka yi, gara in haɗiye. Rana ta uku wankin hannu aka yi da zancen salga, aka sallame mu da cewa za a aiko da kayan aiki kowane gari.

Bayan mako biyu mota ta tsaya a ƙofar ɗakin likita. Majo ba ya nan, ya tafi rigakafi rugage, ya bar mini makulli. Direban ya sauke wani farin buhu, ya ce sauran kayan suna tafe, ya wuce. Na duƙa na karanta abin da ke jikin buhun, sai murna ta kama ni. Ga shi nan baro-baro, sunan nan na cikin kayena. Na sa safar hannu, na ɗaure hanci, na farke bakin buhun a hankali kamar mai buɗe ramin maciji. Fari fat, mai laushi. Na ɗan sassauta ƙyallen hancina na sansana daga nesa, ban ji komai ba. Na matso, shiru. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na ce Allahu akbar, sun ji kukanmu, sun aiko mana da sabon samfuri marar wari.

Da na gaya wa maigidana, Malam Habu, sai ya ce in jira Majo ya dawo, ai kwana ɗaya ne. Na ce masa zawo ba ya jiran Majo. Kuma har ga Allah da gaske nake, don a ranar yara biyu ne kwance a unguwarmu. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, to rabin zuciyata yaran take tunani, rabin kuma tana hango ni a tsaye gaban mata, ni kaɗai, babu Majo. Malam Habu ya dube ni ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ya ɗauki hauyarsa ya tafi gona.

Washegari da safe na sa aka yi shela. Mata suka taru a bakin rijiya, kowace da bidonta, jarkar roba, cike da ruwan da ta ja tun da sanyin safiya (rijiyarmu kuwa mai zurfi ce, ja ɗaya sai kin ji a kafaɗa). Na shimfiɗa tabarma, na ɗora kwanon maganin a tsakiya, na ja layi a ƙasa na ce kada yaro ya tsallake. Na fito da safar hannu, da ƙyallen rufe hanci, da kaye a hammata, da takalman Mayahi a ƙafa. Na yi jawabi. Na yi bayanin ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, wannan dai daidai na faɗa. Sannan na ɗaga kwanon na ce wannan sunansa kulorir da sodiyom, na sa suka maimaita sau uku. Na ce ba ya wari, ba ya ɓata fura, amma guba ne in ba a hannun wanda ya sani ba. Mata suka ja da baya, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Sai awo. Cokali biyu a kowace lita, bido kuwa lita ashirin da biyar yake ci. Na fara da cokali, na ga rana za ta faɗi ban gama bido uku ba, sai na aika aka kawo ludayi. Na riƙa dumbuzawa ina zubawa, ina sa mai bido ta jijjiga. Bido goma sha ɗaya na yi wa haka. Sannan na duba agogon wayata na ce sai an jira rabin awa magani ya yi aiki.

Cikin jiran ne Iya Dije ta iso tana dogara sanda. Iya Dije ƙawar kakata ce, don haka tsakanina da ita wasa ne, "ƙawata" take ce mini. Sana'arta tun kafin a haifi mahaifiyata ita ce sayar da gishiri da kanwa da manda a kasuwannin mako. Ta tsallake layin da na ja ko a jikinta, ta zauna a bakin tabarma ta zuba wa kwanon ido. Can sai na ga ta miƙa hannu. Na daka mata tsawa na ce guba ne. Ta janye hannun, amma na lura ta danna ɗan yatsa a kan wanda ya zube a tabarma, ta riƙa murzawa tana kallona ta wutsiyar ido.

Rabin awa ta cika. Na ce kamar yadda aka koya mana, mai koyarwa shi ke fara sha. Na cire ƙyallen hanci, na tsiyaya moɗa guda daga bidon Sa'a, na yi bismilla, na kafa kai.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauka an yi miya an manta kuka, an manta daddawa, an manta komai, sai hannun mai gishiri ya suɓuce. Harshena ya ƙanƙance, maƙogwarona ya rufe, hawaye ya cika mini ido. Ga mata sun fi talatin suna kallon bakina. A wannan lokacin na riga na san akwai abin da ya lalace, kuma da na tofar na ce a dakata, da abin ya zo da sauƙi. Sai na haɗiye. Na ƙara kurɓa na biyu don kada a ce na ji wani abu. Na goge baki na ce, da wata murya da ba tawa ba, "Garau. Ɗan ɗanɗanon magani ne kawai."

Sa'a ta karɓi moɗar ta kurɓa, ta feso shi har kan takalmana. Kafin ta yi magana Iya Dije ta kai yatsanta baki ta lasa, ta tsotsa, ta gyaɗa kai.

"Ƙawata," in ji ta, "wanga ai gishiri ne. Mai kyau ma kuwa, babu ƙasa ciki. Ina kunka samo shi?"

Kun san abin da na yi? Gardama. Na buɗe kaye na nuna mata rubutu, ita da ba ta karanta boko. Na ce Iya ba ki gane ba, kama ce kawai suka yi, wannan kulorir da sodiyom ne, daga Maradi aka aiko shi. Ta ce ko daga Makka aka aiko shi, ita shekara hamsin tana auna shi da gwangwani, in ta kasa gane gishiri to a kai ta a rufe. Ina cikin ɗaga murya sai muka ji ƙarar moto. Majo ne ya dawo, da akwatin rigakafi ɗaure a baya. Wallahi na yi murna da ganinsa, na ce ga wanda zai raba mu.

Ya sauka ya dubi buhu, ya dubi bidoji, ya dubi safar hannuna. Ya ɗebi garin da hannunsa tsirara ya watsa a baki. Na ga yana cije leɓe yana kallon sama, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya iya magana. Ya ce Iya ta yi gaskiya. Wannan dogon suna da na sa mata suka haddace, sunan gishirin miya ne a bakin masana. Ya karɓi kayena ya sa yatsa a kan kibiyar, ya ce, "Kin ga wagga? Na'ura ce guda, da fanon rana mai ba ta wuta, da awoyi ana jira." Ashe sauran kayan da direba ya ce suna tafe ke nan. Ana jiƙa gishirin ne da ruwa, cokali biyun nan a lita, a tsoma na'urar, wutar rana ta ratsa shi har ya juye ya zama zabel. Shi wannan zabel ɗin ne ake ɗiba ɗan kaɗan a sa a bido. Ni kuwa na tsallake na'urar gaba ɗaya, domin lokacin da ake bayaninta ina gwada takalmi.

Sai Iya Dije ta ce, "An ce ilimi gishirin zaman duniya. Ashe ke naki gishirin ne zalla."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wata har da zama a ƙasa. Wata ta ce in ba ta aron safar hannu za ta je ta ɗora miya. Ni kuwa ina tsaye da ludayi a hannu, bakina yana zafi, ina roƙon ƙasa ta tsage. Na tattara tabarma na wuce gida, na shige ɗaki na ja labule, na ce ni da fita sai an manta.

Ban kai la'asar ba. Ta bayan danga na jiyo wasu mata biyu suna wucewa, ɗaya tana ce wa ɗaya ashe maganin ruwan gishiri ne, ai kowa na da shi a gida, ƴar boko dai yawa ta zuba, a riƙa barbaɗa kaɗan a randa shi ke nan. Majo ya faɗa a bakin rijiya, amma dariya ta cinye maganar: gishirin da baki zai iya sha ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, in kuma ya yi yawa yana cutar da jariri da tsoho mai hawan jini. Ke nan ba kunya kaɗai na jawo ba. Na sa mata za su ba ƴaƴansu ruwa mai cuta da zuciya ɗaya, suna ganin sun gyara shi. Na dubi Balki tana wasa da murfin kwano a tsakar gida, na tuna idanunta a kwanakin nan uku. Na ɗauki mayafi na fita.

Gida-gida na bi, kwana uku. Kowane gida in yi sallama, a fara murmushi tun kafin in zauna, in bari a gama, sannan in faɗi abin da ya kawo ni: ni ce na yi kuskure, na fita daga aji ban tambaya ba, gishiri ba ya gyara ruwa, kada a sa a randa, a tace ruwa da tsabtataccen ƙyalle a tafasa wa yara kafin na'ura ta zo. Gidan farko da kyar maganar ta fito. Ya zuwa gida na goma na iya faɗinta har da tsokanar kaina. Matan nan goma sha ɗaya da na ɓata wa ruwa kuwa, ni na ja musu wani da hannuna, har tafina ya yi bororo. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Da na'urar ta iso na manne wa Majo kamar kaska. Me ya sa awa kaza? In rana ta yi lumshi fa? Yaya za a gane ya yi? Kwana nawa yake yi kafin ƙarfinsa ya tafi? Me ya sa sai an tace ruwa mai laka kafin a sa? Har sai da ya ce da na yi rabin tambayoyin nan a Mayahi da shi ma ya huta. Na sake yin shela. Na zaci ba mai zuwa, sai ga gari ya cika, don kowa na son ganin abin da zan sake aikatawa. Iya Dije ce a gaba, ta ce ta zo ta ga ko yau sukari ne.

A gabansu muka jiƙa gishirin, muka tsoma na'urar, ruwan ya riƙa ƴan ƙananan kumfa a cikin rana. Da ya nuna na auna da ɗan murfin awo, na zuba a bidon ruwan da aka tace, muka rufe, muka jira rabin awa. Wari dai akwai shi kaɗan, ban ɓoye ba. Na miƙa hannu zan ɗauki moɗa sai Iya Dije ta riga ni. Ta sha, ta ɗan yamutsa fuska, ta juya ga mata ta ce, "Mi za ku ji tsoro? Abin ga ni na lashe shi da bakina tun yana buhu. Gishiri ne da rana, ba a ƙara mai komi ba." Daga nan moɗa ta fara zagayawa.

Abin da Majo ya yi shekara biyu yana faɗa bai shiga ba, sai ga shi ya shiga ta ƙofar wautata. Ba wadda ta sake zancen hana haihuwa, domin duk garin ya san abin da ke cikin buhun nan, an yi masa dariya har an gaji. Ba zan ce zawo ya bar garinmu ba, kuma akwai mazan da har yau sai an ɓoye musu. Amma daminar da ta biyo baya Sa'a ba ta hau moto zuwa Mayahi ba, ni ma ban sake zama ina ɗura wa Balki ruwa da cokali ba.

Sunan kuwa ya zauna. Har gobe in na wuce ta bakin rijiya sai wata ta ce, "Madam Kulorir, miyarmu ta yi lami, a taimaka." Takalman ma ba su ga ƙarshen daminar ba, ɗan dutsen ne ya fara faɗuwa.

Kwanan baya Balki, wadda yanzu take lakwal, ta kawo mini kayenta in duba. Na ga an rubuta "gajimare", sai kibiya, sai "ruwan sama". Na tambaye ta me ke cikin kibiyar. Ta ce ba komai, kibiya ce kawai. Na ce ta sa takalminta, ni ma na ɗauki mayafi, muka koma wajen mushe, malaminsu, tare.